Ƙofar da Auta Ta Ƙi Taɓawa

Aikin Auta shi ne buga wasan kwamfuta kafin ya shiga kasuwa, ta nemo inda ya lalace. Shekara shida tana gwara kai da bango, tana faɗawa rami da gangan, tana rubuta rahoto. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: duk abin da mai wasa zai iya taɓawa, sai ka taɓa shi.

Wasan bana babu bindiga, babu tsere. Ɗaki ɗaya ne, da tsohuwa mai ciwon mantuwa, da 'yarta. Ki ba ta magani, ki canza zanin gado, ta dube ki ta ce, "Ke 'yar waye?" Gobe ma haka.

In Auta ta tashi aiki, irin wannan ɗakin take tararwa a gida. Shekara uku ke nan Mama na kwance. Yaya sai dai waya daga nesa.

"Sannu Auta, ladanki na wurin Allah."

"Amin, Yaya. Zo ka ɗebi rabi mana."

Sai ya yi dariya, wai layi ba kyau.

Ran Laraba oga ya tsaya a kanta.

"Kin gwada cokali sau arba'in, har labule kin ja. Ƙofar fita fa?"

"Ina zuwa kanta."

"Sati uku kina zuwa. A ƙafa kike tahowa? Jibi za mu miƙa wasan."

Tsohuwar cikin wasan tana barci. Auta ta tura 'yar har bakin ƙofa. Ba ta san haka take ɗokin ganin waje ba, abin da ya ba ta kunya ke nan. Ta danna. Mariƙin ya juya, ƙofa ta motsa kaɗan, ta tsaya. Ta sake har sau goma.

Ta kai wa marubucin wasan rahoto: ƙofa ba ta buɗuwa.

"Ba kuskure ba ne," in ji shi. "Babu waje. Shekara biyar na yi ina jinyar babana, ban san abin da zan zana ba."

"To don me ka sa mata mariƙi?"

"Kowa sai ya taɓa. Ke ce ma kika daɗe."

Wayarta ta yi ƙara. Maƙwabciyar da ke zama da Mama ce: ta farka, ta ƙi cin abinci, wai sai 'yarta ta zo.

"Ce mata ina hanya," Auta ta ce, tana laluben jakarta.