Hoton Iya da Ba a Taɓa Ɗauka Ba

In ba ku san Mai Hoto ba, wallahi kun yi asara. Shagonsa na kallon keken ɗinkina, kuma labulensa mai zanen teku ya girmi 'ya'yana kaf. Da waya ta kashe masa kasuwa, sai ya koma haɗa fuskar mamatan da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ya ari hancin ɗa, ya ɗauko goshin jika, ya yi ta fama da kwamfuta har kaka ya fito fes.

Rigima ta tashi ranar da ya haɗa hoton Iya, mahaifiyarsu, ya rataye a bangon shago. Yayansa tsohon mai awon filaye ne, irin mutumin da in ka ce an yi ruwa, sai ya taɓa ƙasa tukuna.

"Sauke ƙaryar nan!" in ji Yaya. "Jikoki za su taso suna gaida matar da ba a taɓa haifa ba."

"Gara su gaida bango ke nan? Yaya, ko da katafila ka zo, ba na saukewa."

Sai Yaya ya je ya ɗauko Inna, ƙanwar Iya, ta raba gardama. Tsohuwa ta kalli hoton har na gama wando guda, sannan ta ce, "Wannan kyakkyawar 'yar wace ce? Yayata wushirya gare ta kamar ƙofar gareji."

Yaya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Mu duka muka ce shi ke nan, hoto ya sauka.

Ina! Mai Hoto ya jawo kujera. "Inna, zauna nan. Taki wushiryar da tata ai gida ɗaya suka fito. Buɗe baki."

Washegari Iya ta koma bango da haƙoran ƙanwarta. Yaya ya yi rantsuwa ba zai sake taka shagon ba. Bai cika mako ba na gan shi tsaye gaban hoton, hannu a baya.

"Har yanzu ƙarya ce," ya ce. "Ina tabon haɓarta? A hagu yake, ƙasa kaɗan."

"Zo ka auna min, mai awo," in ji Mai Hoto. "Amma ƙusar da ke riƙe da hoton nan ba ta fita."