Mijinyawa Mai Auna Samari

A unguwar Liman Abaji ta Keffi an yi wani mutum ana ce masa Mijinyawa. Sana'arsa ta gaskiya tufkar igiya ce, amma ba wanda ya san shi da ita sai matarsa Hamsatu, ita ma don ita ke share ɓawon ramar a tsakar gida. Abin da gari ya san shi da shi ido ne. Tun kafin zuwan Turawa har 'yan shekaru bayan zuwansu, duk saurayin da ya shiga fagen kokawar kaka da sunan unguwar nan, to Mijinyawa ne ya tsinto shi.

Shi ma ya taɓa kokawa da ƙuruciya, kaka uku a jere, kuma a duk ukun sai da aka kai shi ƙasa. Bai taɓa ɓoye wannan ba. Cewa yake a can ƙasan ya koyi aikin, don wanda ke kwance ya fi kowa ganin ƙafafun mutane.

Yana da wata igiyar rama mai ƙulli biyar, ta yi baƙi saboda gumin 'ya'yan mutane. In an kawo masa yaro, sai ya zagaya masa ita a ƙirji. Wanda ya kai ƙulli na uku ya shiga sahun waɗanda za a duba, wanda bai kai ba a ce ya je ya ƙara cin tuwo. Daga nan ya auna damtse da cinya da taƙin hannunsa, ya murza diddige, ya ɗora wa yaro tulu cike da ruwa ya ce ya tsallake kwata. Wani lokaci yakan ɗan zagi kakan yaron a hankali, don ya ga ko zuciya za ta riga ƙafa tashi. Amma Hamsatu ta san igiyar nan ta iyaye ce, don kada su yi gardama. Tun yaro na tahowa daga bakin zaure Mijinyawa ya gama hukuncinsa.

Ya yi wa mutane da yawa daɗi, ya kuma ɓata wa wasu. Cikin na biyun akwai wani Nababa, ƙato, wanda ƙirjinsa ya wuce ƙulli na huɗu. Mijinyawa ya dube shi sama da ƙasa ya ce saman na kirki ne, amma ƙafafun na aro ne, a mayar wa mai su. Unguwa ta yi wata guda tana maimaita maganar. Daga baya Nababa ya samu aikin masinja a bariki, ya riƙa yini yana zirga-zirga a kan ƙafafun aron, kuma bai manta ba.

A shekarar da aka soma yaƙi da Jamus, bayan ruwa ya fara ja da baya, Mijinyawa ya kama hanyar Panda don ya ga wani saurayi da aka cika masa kunne da labarinsa. Ya je ya tarar duk tumbi ne. A hanyar dawowa ƙishi ya kai shi wata ruga, wata Bafillatana mai suna Jidda ta ba shi nono a ƙwarya. Yana tsugune zai kai baki sai ya hangi ɗanta, wani siririn saurayi ja, ana ce masa Ɓoɗejo, zai kwantar da bijimi don a cire masa ƙaya a kofato. Yaron bai kira kowa ba. Ya kama ƙaho da hannu ɗaya, hanci da ɗayan, ya jira har bijimin ya ɗora nauyinsa a ƙafar da yake so, sannan ya ɗan juya ƙugu. Bijimi ya kwanta kamar an roƙe shi. Sai da ƙuda suka taru a bakin ƙwaryar kafin Mijinyawa ya tuna da nono.

Ya sa masa igiya don al'ada. Ƙirjin bai kai ƙulli na uku ba, da sauran yatsa biyu. Ya naɗe igiyarsa ya cusa a aljihu.

Kwana biyu ya yi a rugar yana roƙo. Jidda mijinta ya rasu, Ɓoɗejo kuwa ɗan farinta ne, don haka ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce yaron nan. Ta ce su ba su san kokawa don kallo ba, su sai in dabba ta ƙi ji. Ya ce wata biyu kawai, a gama da mutanen Agwada, abokan karawar unguwarsu, a kokawar kaka, ya maido mata shi da ƙafarsa kafin shanu su tashi neman ruwan rani. A ƙarshe ta yarda, tana kallon wani wuri.

"Aro na ba ka, Maigida," in ji ta. "Ba kyauta ba."

Haka Ɓoɗejo ya zo ya zauna a zauren Mijinyawa, yana ce masa Baffa. Hamsatu ta ɗaura ɗamarar sa masa ƙiba, tuwo da safe, tuwo da rana, har da man shanu, amma ko gezau. Ta ce wannan yaron in ya ci abinci inuwarsa yake ba wa. A wani kango bayan gida Mijinyawa ke koya masa riƙo da shiga, kuma ya hana kowa leƙawa, don kada labari ya kai Agwada su shirya masa. Samari biyu da ya yarda da su kawai yake kawowa, su ma ya sa suka rantse. Kullum suna fita da ƙasa a ƙeya.

Saboda haka gari bai san komai ba sai abin da ya gani, wato tsoho ya je daji ya dawo da sillen kara yana ciyarwa. A majalisa ana tambayarsa ko sandar kiwon ce zai sa a fage ko mai sandar. Aka fara cewa idon ya tsufa. Mijinyawa ya riƙa murmushi yana tufka, yana haɗiye maganar da ke taso masa. Wata biyu yana haɗiya. Ga mutumin da bai taɓa ganin gwani ya yi shiru ba, wannan ba ƙaramin azumi ba ne.

Saura kwana tara a yi kokawa sai saƙo ya zo daga bariki cewa kowace unguwa ta kawo samarinta, ana neman masu ɗaukar kayan soja zuwa gabas, wajen Kamaru. Ba wannan ne karon farko ba. An ɗebi wasu da damina, kuma har ranar ba wanda ya dawo, sai labarin mutuwar biyu daga cikinsu. Mai unguwa ya bi gida gida, ya ce duk saurayin da ke kwana a unguwa na unguwa ne, har da baƙon zaure. Ya ƙara da cewa Baturen bariki yana son masu ƙirji, an kuma gaya masa akwai mai igiyar awo, don haka Mijinyawa ma ana nemansa.

A hanya Mijinyawa ya raɗa wa Ɓoɗejo cewa in ya ji igiya a jikinsa ya fitar da numfashi duka, ya saki kafaɗu, ya yi kamar mai ciwon ciki. Yaron ya ce to, Baffa.

Aka jera su a rana a gaban wata bishiyar ɗorawa. Bature na zaune a kujera da tafinta a gefensa, Nababa na kai da kawo da jar hula. Aka yanke cewa ƙulli na uku shi ne iyaka: wanda ya kai ya koma dama, wanda bai kai ba ya tafi gida. Mijinyawa ya fara aiki. Hannunsa na zagaya igiya, bakinsa na cewa ya kai, ya kai, bai kai ba. Yaran da ya sani tun suna rarrafe suna wucewa dama ɗaya bayan ɗaya, har da Ubale, ɗaya daga cikin biyun nan na kango. Ya ji kamar wani ne ke aikin, shi yana tsaye a gefe yana kallo.

Da aka zo kan Ɓoɗejo, yaron ya yi yadda aka ce. Igiya ta nuna saura yatsa huɗu. Mijinyawa ya ce bai kai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Tafinta ya yi nuni da hannu, Ɓoɗejo ya juya zai tafi. Ya yi taku uku. Magana ta ƙare ke nan, da an bar ta.

Nababa ne bai bar ta ba. Ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Baba, wai wannan ne ka ajiye wa mutanen Agwada? Wannan ne aka ƙarar da dawar Inna Hamsatu a kansa? Allah sarki. Ni aka ce ƙafafuna na aro ne. Ashe idon ne na aro, mai shi ya zo ya karɓe."

Aka yi dariya, har cikin waɗanda ke dama. Mijinyawa bai ji fushi ba. Daga baya ya sha neman fushin a ransa, don da ya samu da ya sami abin ɗora wa laifi. Abin da ya ji kawai shi ne an faɗi ƙarya a kan jikin mutum a gabansa, kuma shekara talatin bakinsa bai taɓa barin irin wannan ta wuce ba.

"Wannan?" in ji shi. "Ka haɗa duk na daman nan, ka hau kansu da hularka, ba ku kai shi ba. Ban taɓa auna kamarsa ba."

Bature ya tambayi abin da tsohon ya ce. Tafinta mutum ne mai amana a aikinsa, ya mayar masa kalma da kalma.

Aka kira Ɓoɗejo ya dawo. Aka jawo wani akwatin harsashi wanda mutum biyu suka kawo, aka ce ya ɗauka. Yana iya yin nishi ya sake shi, ba wanda zai yi mamaki. Ya dubi Mijinyawa. Wata biyu Baffa bai taɓa yaba masa ba, yau ya yabe shi a gaban gari, kuma in ya kasa, tsohon ne zai zama maƙaryaci. Ya tsuguna ya ɗora akwatin a kansa ba ko gammo, ya miƙe kamar mai ɗaukar ƙwaryar nono. Aka nuna masa dama.

Saura mutum goma sha ɗaya a layi. Mijinyawa ya auna su duka.

Washegari da hantsi aka tafi da su. Kwana biyu bayan haka Mijinyawa ya kama hanyar Panda, ya nufi rugar. Bai shirya abin da zai faɗa ba, ya dai lura a hanya cewa dawa ta yi kyau bana. Jidda ta hango shi shi kaɗai. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo nono, ta tambayi mutanen gida da gajiyar hanya, ya tambayi shanu. Ba ta tambayi yaron ba, don uwa ba ta tambayar ɗan fari a gaban baƙo. Sai shi ya faɗa, daga farko har ƙarshe, bai rage ba.

Ta daɗe tana gyara bakin faifai.

"Wa ya nuna shi?"

"Ni."

Ta ce to. Ta ce ya sha nonon kada ya yi tsami. Ya sha, don ba a mayar da ƙwarya cike. Da zai tafi ta ce jibi za su tashi, in yaron nan ya zo a ce masa ya bi rafi ta kudu, zai gane sawun shanunsu.

Ba a yi kokawar kaka a shekarar ba, don Agwada ma an kwashe nasu. Mijinyawa ya koma tufka sosai, har aka gano ashe ya iya. Mutane suka ci gaba da kawo masa yara, yana sa musu igiya in an matsa, ya ce sai an ƙara cin tuwo. Kowa haka yake ce masa, har wanda ya cika ƙofar zaure. Yana cin abinci, yana zuwa masallaci, in an yi abin dariya ya yi. Hamsatu ta ce da zai yi kuka sau ɗaya ko ya yi faɗa da ita, da ta san inda za ta kama.

Bayan shekara ɗaya da rabi wasu suka fara dawowa. Ubale ya dawo, ƙirjinsa ko ƙulli na biyu ba zai kai ba. Ya zo zaure ya gaishe da Mijinyawa, ya ba da labari ba a tambaye shi ba. Ya ce akwai wasu duwatsu a can da suka yi kwana takwas suna hawa cikin ruwan sama. Shi Ubale zawo ya kama shi, Ɓoɗejo ya haɗa kayansa da nasa ya ɗauka har suka sauka ɗaya gefen. Har sojoji suna tsayawa kallonsa. Daga baya zazzaɓi ya kwantar da shi, aka bar shi a wani ƙauye da ba su san sunansa ba, aka wuce. Ko ya tashi ko bai tashi ba, Ubale bai sani ba.

Mijinyawa ya saurara, hannunsa na kan rama.

"Kaya biyu," in ji shi. "A hawan dutse."

"Kwana takwas, Baba."

Sai ya ji kansa yana gyaɗawa a hankali, irin gyaɗawar da yake yi a bakin fage in yaron da ya zaɓa ya kai abokin karawarsa ƙasa. Ya lura da haka, ya tsayar da kan. Ya jira ya ji ko wani abu zai taso masa a ƙirji, kunya ko baƙin ciki, ko ma mene ne. Ya jira har Ubale ya fara gyara zama. Da ya ga babu, sai ya leƙa cikin gida ya ce wa Hamsatu a kawo wa baƙo ruwa.