Tsohuwar Kwamfuta da Sabon Keken Surfani

Karatuna na boko bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma shekara da shekaru ni ne mai kwamfuta a shagon surfanin yayana a unguwar Wunti. Kada a tambaye ni abin da ke rubuce a jikinta. Na dai san inda ake dannawa, kamar yadda jaki ya san hanyar gida.

Manhajar cikinta tsohuwa ce, mai nuna hoton koren tudu idan an kunna. Duk zanen wuyan riga da na aljihu suna ciki, sai dai ba ta nuna hotonsu, lambobi ne kawai jere kamar kaburbura. Ni kaɗai na san wace lamba ce aska takwas, wacce ce ta kaftanin ango. Tela zai shigo da shaddar mutane yana gumi, in ce masa sai na gama shan shayi. Wa zai tanka? Har goro ake ajiye mini.

Yayana ya rasu, shago ya koma hannun babban ɗansa. Ba a jima ba tsohon keken surfanin ya bi maigidansa. Ɗan ya sayo sabo daga Kano, aka jona waya, kwamfuta ta yi kamar ba ta ga baƙo ba.

"Baffa, sabuwar manhaja za a zuba," in ji shi. "Wannan ta gama yayi."

"To ni fa?"

"Sai ka koya."

Idonsa na kan waya ya faɗa. Na taɓa leƙa sabuwar a wani shago, ban gane ko ƙofar shiga ba. Na san ranar da aka zuba ta, ranar kujerata ta tashi. Na roƙe shi ya ɗan saurara mini, na rungumi kwamfuta na hau keke napep sai Yelwa, wajen wani mai gyara mutumin kudu da ɗalibai ke yabo.

Ya kunna ta, ya kwashe da dariya.

"Baba, wannan ai sa'anka ne. Ka bar shi ya huta mana."

"Oga, in ta huta ni ma na huta, kuma a gidana ba a dafa hutu."

Ya dube ni, ya daina dariyar. Ya ce tsakanin kwamfuta da keken surfani akwai wani ɗan tafinta da suke kira direba, kuma na sabon keken ba ya kula tsofaffi. Sai ya buɗe cikin direban ya sauya wasu layuka, ya cusa wa tsohuwar wasu fayiloli na sabuwar manhaja. A taƙaice dai ya rage mata shekaru, kamar ma'aikacin da ritaya ta tunkaro. Sau da yawa fuskarta na yin shuɗi ta sume. Na yi ta sintiri tsakanin Wunti da Yelwa har masu keke suka fara yi mini ragi. A ƙarshe ya biyo ni shago, ya jona, allura ta sauka a kan ƙyalle tana tafiya kamar ruwa.

Da zai tafi ya ce, "Na ƙara maka wani abu kyauta, Baba. Idonka ya gaji da lamba."

Ya danna, sai ga kowane zane da ɗan hotonsa a gefen lambarsa. Wallahi sun yi kyau. Na riƙe hannunsa na yi ta sa masa albarka, har da 'ya'yansa da ban sani ba. Kan da bai wuce aji uku ba ai bai hango komai ba.

Washegari wani tela ya shigo ina tsaka da shayi. Na ce ya jira kamar kullum. Ya leƙa ta saman kafaɗata ya nuna da yatsa.

"Ba ga shi nan ba? Wannan nake so."

Ɗan yayana ya miƙo hannu ya danna. Keke ya kama aiki. Ba wanda ya dube ni, ni kuwa ga kofi a hannu.

Bai kore ni ba, yaron yana da kunya. Cewa ya yi, "Baffa, ka sha wahala, yanzu kowa zai iya. Ka riƙa hutawa." Ya sa aka fitar mini da benci bakin ƙofa, aka ba ni ɗan almakashi ina tsinke zaren da keke ya bari a bayan riga.

Tsohuwar tana nan tana aiki har yau, ba ta ƙara suma ba. Daga bencina ina jin ƙarar tashinta kowace safiya. Goro kuma yanzu da kuɗina nake saya.