Anti Liatu, Mai Toshe Ɓarakar Wayoyinmu

Kullum da safe, kafin masu keke su cika titin Fadaman Mada, Anti Liatu ta riga ta kafa teburinta na gyaran waya a gindin darbejiya. Tabarau a hanci, tana karanta sanarwar masu ƙera burauza, manhajar nan da muke shiga intanet da ita: wace ɓaraka aka gano, wane gyara aka fitar. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta koma Bogoro, ido ya gaji.

Mu matan unguwa halinmu ɗaya. Manhaja daga wayar maƙwabciya ake turo mana, tsohuwa tukuf, in ta nemi a sabunta ta kuma mu danna "anjima", kada ta cinye data.

Ranar da na kai mata wayata, caji kawai take ƙi. Ta gyara, amma ta ƙi miƙo min.

"Anti, girki na bari a wuta."

"Maman Habibatu, ƙofar gidan ma a buɗe kika baro ta?"

"Haba, Anti!"

"To, wannan wata takwas tana hangame. Zauna."

Da datarta ta sabunta min burauzar, ina ta tsaki. Shinkafata ta kama.

Bayan sati guda wani saƙo ya shigo zaurenmu na iyayen yara a waya, wai hotunan walimar sauka. Duk muka danna. Bintu, wadda ta turo min burauzar tun farko, ta nan aka shige wayarta. Hotunanta na cikin ɗaki, ko ɗankwali babu, da na 'ya'yanta mata, sai ga su a shafin wani baƙo. Tawa ba abin da ya same ta, alhali hotunan Habibatu tun ranar suna suna ciki, har da sunan makarantarta.

Anti, ke ce ba ki ce wa Bintu "ai na faɗa" ba. Kin rufe tebur, kin shiga gidanta, ba ki fito ba sai da kika sauya mata kalmomin sirri, kika yi ta kai rahoto har aka sauke hotunan. Mai tsaron ƙofar da ba a gani, mun gode. Allah Ya ƙara lafiyar ido.

Masu gyaran waya, ku ɗauki halinta. Mu kuma iyaye mata, teburin nan zai tashi, ba mai sake zaunar da mu dole. Jiya wayata ta nemi sabuntawa ina tsakiyar girki. Na rage wuta, na danna "yanzu".