Yadda Kunyar Cin Abinci Ta Hana Ƙanwata Karatu

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon a ba ni ɗan fili, kuma a sakaya sunana. Shekara biyar da suka wuce ni yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, daga wani ƙauye a bakin daji kusa da Dogon Dawa, a ƙasar Birnin Gwari. Irin yaran nan ce ni da idan baƙo ya yi sallama sai a neme su a rasa. Ba na magana, amma ba abin da ke wuce idona. Na san kazar da ke yin ƙwai a bayan rumbu, na san takun kowa a gidanmu tun kafin ya fito daga zaure. Ni ce mace ta farko a zuri'armu da ta ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai mata, a shekarar da aka mayar da motoci bin hannun dama. Babana ne ya tsaya na tafi. Yayansa, baffanmu, wanda shi ne babba a gidan, bai so ba, amma ya ce a gwada a gani: idan na je na dawo lafiya da hankalina, shi ma zai bar 'yarsa ta bi sahuna. 'Yar tasa ƙanwata ce, shekara ɗaya na ba ta, a ɗakin kakarmu muka tashi tare, kuma ta fi ni kai nesa ba kusa ba.

Kakarmu ce ta koya mana cin abinci. A wurinta yarinya mai tarbiyya ba ta zama ta ƙarshe a kwano, ba ta cin abinci ido na kallonta, kuma ko an ce ta ƙara sai ta ce ta ƙoshi. Ni na riƙe wannan fiye da kowa. Loma huɗu ko biyar, na cire hannu, a yi ta yabona. Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk lurar tawa, shi ne wannan kunyar ba ta taɓa sa ni yunwa ba, domin ba kwanon ne yake riƙe da ni ba. A hanyar firamare, mil uku a ƙafa ta gefen kurmi, muna tafe muna ci: ɗorawa a lokacinta, kaɗanya da farkon damina, ɗinya, kanya, gwandar daji. A gona ga ɗanyar gyaɗa, ga takanɗa. Matan Fulanin da ke sauka a bayan garinmu kan ba mu kindirmo a ludayi idan mun ɗora musu ƙwarya. In mun dawo gida kuma akwai ƙanzo a gindin tukunya, da guntun kwaɗon rama a madafi inda ba mai gani.

Da na isa kwaleji sai na tarar da waya zagaye da makaranta, ba daji, ba madafi. Abinci sau uku ne, a babban ɗaki, mutum goma kowane tebur, kowa da farantinsa, fuska na kallon fuska. Aka ba ni cokali, ni da ban taɓa cin tuwo da shi ba. Ranar farko na yanki loma ta zame ta faɗa cikin miya, ta fantsama a gaban rigata. Wata ta rufe baki da hannu. Tun daga ranar na kasa cin abinci a ɗakin nan. Ina jin ƙarar haɗiyata kamar kowa na ji. Na koyi dabara: in juya abinci da cokali, in ci loma biyu, idan shugabar teburi ta waiwaya sai in tura sauran cikin farantin wadda ke kusa da ni, wata doguwa mai son ci, ita kuwa ta ɗauka kirki ne. Waken da ake ba mu, da yankan nama na ranar Juma'a, da ƙwai na ranar Lahadi, duk ita ta cinye su wata shida. Ni kuma lokacin hutun rana in jiƙa garin kwaki da sukari a kofi, in juya wa ɗaki baya in sha. Shi ne abincina, shi da shayin safe.

Da a ce zaune nake kurum, watakila da na daɗe ban faɗi ba. Amma malamar wasanni ta ga yadda nake gudu, ta ce 'yar daji ce wannan, ƙafarta ba ta san gajiya ba, ta sa ni cikin masu dogon zango. Kullum bayan sallar asuba mu zagaye fili sau shida, da yamma a sake. Gudu ne kaɗai abin da nake yi ba tare da kunya ba, don haka ban taɓa fashi ba. Sannu a hankali na fara ganin canji, kuma ba wanda na faɗa wa. Tafin hannuna ya yi fari. Farcena ya yi laushi, tsakiyarsa ta lotsa har ɗigon ruwa na iya zama a ciki. In na miƙe tsaye sai in ga duhu, in na hau matakalar aji sai zuciyata ta riƙa bugawa a kunnena. Ga al'ada ta fara zo mini a wannan shekarar, tana ɗaukar kwanaki. Sai kuma wani kwaɗayi da ban san irinsa ba: ƙasa nake so. Akwai wani suri a bayan filin wasa, nakan ɓalli ƙasarsa in ɓoye a aljihu. Har allin rubutu na ci.

Ranar gasar gudu tsakanin gidajen kwanan ɗalibai, a zagaye na biyu, ina gaba, na ji ihun 'yan gidanmu yana yin nisa kamar ana tafiya da shi. Na farka a ɗakin shan magani. Nas ɗin makaranta ta ja fatar idona ƙasa, ta duba farcena, ta ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, ta tambaye ni ko ina cin abinci. Na sunkuyar da kai na ce ina ci. Aka kira shugabar teburinmu, ta ce ita dai kullum farantina a wanke take ganinsa. Nas ta ba ni jajayen ƙwayoyi a takarda, ta rubuta wasiƙa zuwa ga babana, aka sa ni a mota in je gida in huta.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko. Wasiƙar da Turanci take, kuma a gidan ni ce wadda za ta karanta. Na durƙusa a zaure gaban babana da baffa na buɗe ta. Layin farko ya ce ina da ƙarancin jini, in huta, in sha magani. Na faɗa musu. Sauran ya ce ana zaton ba na cin abinci sosai, a sa mini ido, a riƙa ba ni hanta da ƙwai da wake da nono da ganye kullum, kuma da zarar na murmure in koma. Na dubi kalmomin, na dubi ƙafafun baffa. Ta yaya 'ya mace za ta buɗe baki gaban iyayenta maza ta ce a saya mata hanta, a ba ta ƙwai, a gidan da ko yara maza ba a ba su ƙwai? Ai sai a ce ni na ƙara da bakina. Na ninke takardar na ce iyakarta ke nan.

Bayan kwana uku aka kama ni ina ɓantarar ƙasar katangar bayan ɗaki ina ci. Gida ya ruɗe. Wasu suka ce iska ce ta kurmi ta bi ni tun ina firamare, wasu suka ce a makarantar aka ba ni wani abu na ci. Aka kawo mai magani daga wajen Gwaska, ya yi mini hayaƙi, ya ba da saiwoyi a jiƙa, ya ce a zubar da ƙwayoyin asibiti kada su ɓata masa aiki. Sannan ya kafa doka: ba nama, ba ƙwai, ba nono, ba mai, har sai iskar ta fita. Kunu da tuwo da miyar kuka lami. Duk abin da wasiƙa ta ce a ba ni, shi ya hana. Ina ji, ina gani, wasiƙar tana ƙarƙashin tabarmata, ban ce uffan ba. Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Ƙafafuna suka fara kumbura.

Dab da girbi sakamakon jarrabawa ya fito, ƙanwata ta ci, ta fi duk 'yan ajinsu. Aka ce ta je Birnin Gwari ranar Talata a yi mata tambayoyin baka, wanda bai je ranar ba an ba wani gurbinsa. Ta wanke rigarta tun ranar Lahadi, ta aro takalmina na makaranta, ta cusa tsumma a ciki saboda ya yi mata yawa. Ranar Litinin da la'asar ina kwance a bayan zana na ji hedimastan firamarenmu yana roƙon baffa. Baffa ya ce malam ya leƙa ya ga abin da boko ya maido musu. Ya ba da 'ya tana tsalle, an kawo masa mai cin bango, ba zai ba da ta biyu ba. Tsakanina da su zana ce kawai. Da na ɗaga murya na ce ba boko ba ne, yunwa ce, da sun ji. Na buɗe baki, na rufe. Talata ta zo, motar kasuwa ta wuce, ƙanwata tana tsaye a ƙofar gida. Da yamma ta maido mini takalmin, ta cire tsumman, ta ajiye su a gefen tabarmata daidai da juna.

Kwana goma bayan haka kakarmu ta ce ta gaji da ganina a kwance kamar wanki, in taso in raka ta bakin daji ta samo ganye. Muka tafi a hankali, ina hutawa. Muka iso gindin wata ɗinya ta zuba baƙi ƙirin a ƙasa. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ci, na ci, hannu biyu, bakina ya yi baƙi, na manta akwai mai kallona. Da na ɗago sai na ga ta ajiye kwandonta. Ta ce ƙawata, a makarantar taku wace bishiya kuke tsinka? Na ce babu bishiya, waya ce. Ta ce to madafi fa, wa ke kankare tukunya? Na ce ba a barin mu shiga. Ta ce to tsakanin abinci da abinci me nake ci, kuma a wurin abincin loma nawa nake yi? A nan na fashe da kuka, na faɗa mata komai, har da wasiƙar.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce amma dai ni wawuya ce mai takardar shaida. Ta ce ita da ta koya mini cire hannu a kwano, na taɓa ganin ta rame? Wa nake tsammani yake cinye ƙanzon da muke nema mu rasa? Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta ce kunyar da ta koya mana ta gida ce, inda abinci ke ko'ina. Ba ta san akwai inda ake rufe yaro da faranti ɗaya ba, da ta sani da ta ce in lashe shi har gindi. Ta ce laifin rabi nata ne, amma maganar ni zan yi ta da bakina.

A zauren nan dai na sake durƙusawa, na karanta wasiƙar tun daga farko har ƙarshe. Babana ya kai wasiƙar wurin malamin asibiti a Birnin Gwari, ya tabbatar masa haka take, ya ba da wasu ƙwayoyin. Kakarmu ta karɓi girkin abincina: faten tsaki da rama, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wake, hanta ranar kasuwa, nono kullum safiya, ƙwai kuwa da kanta take ɗaukowa a bayan rumbu, ta ce wanda ya isa ya hana ta. Kafin wata biyu jini ya dawo tafin hannuna, ƙasa ta fita raina. Na koma makaranta na maimaita aji. Amma baffa bai sauko ba. Ya ce makarantar da yaro zai yi wata shida da yunwa a tsakiyar abinci ba wanda ya gani, ba ta ga 'yarsa ba. Gurbin ma an riga an bayar.

Yanzu ina ajin ƙarshe, ina gudu har yau, kuma ni ce shugabar teburi. Ba farantin da ba na kallo. Na gane cewa jikin da ke karatu yana gudu ba ya rayuwa da gari da sukari, kuma faranti a wanke ba shaidar ƙoshi ba ne. 'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu 'yan ƙauye, ku ci wakenku da ganyenku da namanku, ko da cokali na zamewa, ko duk ɗakin na kallo. In kun ga jiri, ko farin tafin hannu, ko kwaɗayin ƙasa, ku faɗa da wuri, kuma ku faɗi gaskiya duka. Iyaye, in za ku tura 'ya makarantar kwana, ku gaya mata cewa can ba a cire hannu. Malamai kuma ku lura da yarinyar da ba ta taɓa neman ƙari ba.

Ƙanwata tana gida, tana taya kakarmu aiki. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Duk hutu nakan kawo mata tsofaffin littattafaina, ta karance su kafin in koma, har ta gyara mini lissafi. Ita ke zuba mini abinci. Takan ajiye kwanon, ta zauna a gabana, ba ta tashi sai ta ga na cinye. Ni kuma ina ci tana kallona, kuma wannan kallon ne har yau ban iya haɗiye shi ba.