Hotona a Kan Injin Sakwara

Ban taɓa son ɗan hayar nan ba, tun ranar da ya shigo gidana a Tunga da jakar kwamfuta a kafaɗa. Mutumin kudancin Kaduna ne, har furfura ta fara leƙo masa, amma ba shi da aikin da za a nuna da yatsa. Sauran 'yan haya su fita da safe, shi yana ƙunshe a ɗaki yana cinye mini wutar lantarki. Na sa masa ido sosai, ban kama shi da komai ba, wannan ya ƙara mini haushinsa.

Ni doya nake sayarwa a ƙofar gida. Daga Garatu ake kawo mini, kuma unguwar nan kaf an san idan na ce wannan za ta yi sakwara, to za ta yi. Maganata ita ce jarina, ba ni da wani.

Yakan fito da yamma ya zauna a kan bencina. "Mama, yaya ake gane doyar sakwara?" Sai in gaya masa, ina kallon gefe. Wata rana ya ɗauki hotona ina riƙe da doya, ya ce wai yana da shafi a intanet kan abincin Minna. Na ce ya je can ya ƙarata.

Ana nan sai ga wata nas daga Sabon Gari, wadda ta daɗe tana sayen doya a wurina. Ta sauko daga keke da buhu, ko gaisuwa babu, ta zazzage shi a gabana. Wani inji ne mai kama da tukunya, gindinsa ya ƙone baƙi ƙirin.

"Mama, ashe haka kike? Ke kika ce a saya!"

"Na ce a sayi me?"

Ta miƙo mini waya. Ga ni nan da ɗankwalina da doyata. Ta karanta mini rubutun da ke ƙasa: wai Mama ta Tunga ta ce injin nan ya fi turmi. Ta ce ƙasan maganar ta danna, ya kai ta wurin masu sayarwa a Legas, ta biya aka aiko mata. Ni da ban taɓa ganin injin daka sakwara ba sai ranar. Maƙwabta sun fito, suna ji. Na rantse mata, ta kwashe kayanta ta tafi tana tsaki.

Ban taɓa shiga ɗakin ɗan haya ba sallama ba, ranar na shiga. Yana zaune da singileti a gaban kwamfuta.

"Mama, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Yaushe na ce maka inji ya fi turmi?"

Ya fara sosa ƙeya. Wai salon rubutu ne kawai. Na matsa masa, sai ya faɗi gaskiya: duk wanda ya bi ta shafinsa ya sayi injin, masu shi suna ba shi wani abu.

"La'ada ke nan," na ce. "Kai dillali ne."

"Kusan haka, Mama. Amma ban ɓoye ba. Kin ga aikin da nake yi ma yanzu."

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar, kamar zan karanta. Ya ce akwai injin bincike, wanda mutane ke tambaya idan suna neman abu. Injin nan yana bin duk hanyar da mai shafi ya nuna zuwa wani shafin, yana ɗaukarta shaida ce, kamar mutum ya ce na yarda da wane. To idan biyanka aka yi, sai ka sa wata alama, nofolo ya kira ta, ma'ana kar injin ya bi, kar ya lissafa ta a matsayin shaidarka. In ba ka sa ba aka gano, sai a jefa shafinka can baya inda ba mai ganinsa.

"Duk wanda ke ba ni la'ada na sa masa," in ji shi. "Mai injin sakwarar ma na sa masa. Wanda na nuna don Allah, kamar shafin asibiti, na bar shi haka. Wanda ya ɗaure mini kai shi ne mai man ja. Bai biya ni ba, galan ɗaya ya aiko mini kyauta, ban sani ba ko in sa ko in bari."

Yana wannan bayani da fara'a, shi a dole mai tsoron Allah. Na bar shi ya gama.

"Alamar nan, nas ɗin ta gan ta?"

"A'a, tana bayan shafi. Inji ne kawai ke karantawa."

"Wato ka gaya wa inji ba ka tsaya wa mai kayan ba, ita kuma ka gaya mata ni na tsaya masa."



Na girma ina ganin dillalai a kasuwar doya. Dillali yana karɓar la'adarsa a gaban mai kaya da mai saye, kowa ya san ta wane gefe yake ci, sai ka auna maganarsa. Na ce masa ya rubuta a fili, inda mutane ke gani, cewa ana biyansa.

"Mama, in na rubuta haka ba wanda zai danna."

"To cire ni."

Ya danna wani abu, hotona ya ɓace. Wannan na gani da idona. Rubutun kuwa yana nan birjik, ban san wanne ne nawa ba. Ya ce ya goge. Na dube shi, na dubi baƙaƙen nan, na ga ba ni da yadda zan gane. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na ce ya sa riga mu je Sabon Gari ya faɗa wa matar da bakinsa. Ya ce yana da aiki, kuma ai ba shi ya ƙera injin ba. Na ce to ya nemi wani ɗakin kafin hayarsa ta ƙare. Ya turo mini dattijon cocinsu ya ba ni haƙuri. Na ba dattijon kujera da ruwa, na ce masa a'a.

Ranar da ɗan hayar yake loda kaya a keke ya zo zai yi mini sallama, na ci gaba da jera doya.

Ni kaɗai na je Sabon Gari na sami nas ɗin a gida, na faɗa mata yadda aka yi da kuma abin da na yi wa mutumin. Ta saurare ni a tsaye a bakin ƙofa, ta ce ta ji. Ba ta sake sayen doya a wurina ba.