Gwaggo Mai Tsifa, Wadda Ta Kwashe Ɗakin Kaka

Kafin kowa ya iso ofis, Gwaggo ta riga ta zauna. Teburinta na can ƙurya, kusa da tagar da ba ta rufuwa sosai, wadda aka cusa wa kwali don kada iska ta riƙa buga ta. Ta ajiye filas ɗin shayinta, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta. Daga nan sai karatu. Sauran ma'aikata rubutu ke kawo su. Ita kuwa abin da aka rubuta jiya take bi, layi bayan layi, leɓenta na motsi.

Kamfanin ƙarami ne, aikinsa guda: manhajar da asibitoci ke lura da jinin da aka ajiye wa marasa lafiya da ita. Wace ledar jini ce ta shigo, ta wane rukuni ce, yaushe za ta lalace. Gwaggo ba ƙanwar uban kowa ba ce a ofis ɗin, amma har manaja haka yake kiranta. Cikakken laƙabin shi ne Gwaggo Mai Tsifa. Rubutun manhaja in ya cukurkuɗe, ita ke zama ta warware shi sili-sili, kamar mai tsefe tsohon kitso ba tare da mai kan ta ce wash ba. In ta gama, manhajar na yin abin da take yi jiya, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa shekara ashirin da ɗoriya ba a taɓa tafa mata ba. Wa zai yaba aikin da in ya yi kyau ba a ganinsa?

A tsakiyar manhajar akwai wani ɓangare da ake kira Ɗakin Kaka. Da fari aiki ɗaya aka gina shi ya yi, wato rajistar ledar jini. To amma duk wanda ya rasa inda zai sa abu, sai ya jefa shi can. Lissafin kwanaki na ciki, buga takarda na ciki, aika saƙo ga masu ba da jini na ciki, har da wasu abubuwan da masu su sun bar aiki tuntuni. Ka taɓa nan, can ya rushe. Mutum ɗaya ce ta san inda komai yake a ɗakin nan, ita ce Gwaggo. Kuma idon Gwaggo ya fara tafiya.

Abokan aikinta sun lura haruffan allonta na ƙara girma, amma kunya ta hana a tambaya. Ranar da ta je ganin likita, ya gaya mata gaskiya: hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa wanda ya rage.

A wannan ranar ce, tana can asibitin ido, aka aiko cewa an rage kwanakin ajiyar wani nau'in jini. Wanda ya karɓi aikin shi ne Sha-Yanzu, magidanci mai saurin hannu, wanda ya samo sunansa daga sha yanzu magani yanzu. Halinsa, in yana buƙatar wani lissafi, ya kwafo shi daga inda yake, ya liƙa a inda yake so, ya wuce. Ba shi kaɗai ba, kowa ya sha yi. Ya shiga Ɗakin Kaka, ya ga lissafin kwanakin, ya gyara, ya tafi cin abinci. Bai san lissafin nan yana da tagwaye a wurare da dama ba. Washegari a wani asibiti, manhaja ta nuna wata leda lafiya lau, alhali lokacinta ya wuce. Allah ya taƙaita, an duba kwanan watan da ke jikin ledar kafin a ɗaura wa kowa.

Waɗanda ke ofis ranar sun ce Sha-Yanzu ya kasa ɗaga kai. Gwaggo ta jawo kujerarta kusa da tasa.

“Ɗana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba,” ta ce. “Da ni ce ban san ɗakin nan ba, haka zan yi. Matso mu nemo 'yan'uwansa.”

Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka goge, suka bar lissafin a wuri guda, duk mai buƙata ya je can ya tambaya. Amma hankalinta bai kwanta ba. Yini ɗaya kawai ta yi ba ta nan.

Ta sami manaja, ta ce tana so a ba ta Sha-Yanzu su kwashe Ɗakin Kaka gaba ɗaya.

“Gwaggo, abin da ke aiki me ya kai mu taɓa shi?” in ji manaja. “In kun gama, me asibitoci za su gani?”

“Ba za su ga komai ba, ranka ya daɗe. Shi ne aikin.”

Sai ta cire tabarau, ta gaya masa abin da likita ya ce. Ta ƙara da cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Manaja ya ce ta ɗauki duk wanda take so.

A gida ne ta sha rigima. Maigidanta, tsohon direban bas ne da bakinsa ba ya hutu, amma wannan karon ba da wasa ya yi magana ba.

“Ɗan idon da ya rage miki, a kan allo za ki ƙarar da shi? Ki bar musu kayansu, ki kalli jikokinki.”

“Malam, jikokina zan gane su da murya,” ta ce. “Wancan ɗakin ba ya magana.”

Maigidan ya haƙura. Shi ya koma kai ta ofis, shi ke ɗauko ta, yana tuƙi yana mita.

Aikin ya ci watanni. Ba ta taɓa cire abu ba sai ta fara rubuta gwajin da zai yi ƙara in wani abu ya canza. Sannan ta zare aiki ɗaya, ta gina masa ɗan ɗakinsa, ta raɗa masa sunan da ke faɗin abin da yake yi. Sunayen da ta tarar kuwa, abin dariya abin takaici: akwai “na ƙarshe”, akwai “na ƙarshe sabo”, akwai “na ƙarshe na gaske kada a taɓa”. Da idon ya ƙara rauni, Sha-Yanzu ke karanta mata da baki, ita tana jingine, ido rufe.

“Tsaya,” ta kan ce. “Wannan me yake yi a nan? Ba gidansu ba ne. Ina kake gani ya dace?”

Ta san amsar, amma sai ya faɗa da kansa, ya kuma rubuta da hannunsa. Wata rana ya tsokane ta: “Gwaggo, da kin bar shi yadda yake, ko kin yi ritaya sai an zo gida an durƙusa miki.”

“In an zo an tarar ba na gani fa?” ta ce. “Ci gaba da karatu.”

Ke ce, Gwaggo, wadda ta riƙe mabuɗi ita kaɗai, ta ƙi ɓoye shi a haɓar zane. Ke ce kika goge fiye da abin da kika rubuta, kika bar manhaja ta fi sauƙi, mutane kuma suka fi ƙarfin zuciya. Akwai waɗanda aka ɗaura wa jini suka tashi, suna can suna goya 'ya'yansu, ba su san da ke ba.

Ta yi ritaya ba tare da hayaniya ba. Bayan wasu watanni Sha-Yanzu ya je gaishe ta. Ya same ta a falo, jika a cinya, tana shafa kansa. Ana cikin hira ya ce ai kwanakin baya an aiko da sababbin ƙa'idoji, manya, sun shafi kusan kowane nau'in jini.

Gwaggo ta gyara zama. “To, ya kuka yi?”

“Wuri ɗaya muka gyara, gwaji ya wuce, kafin azahar an gama.”

“Ba ku neme ni ba.”

“Wallahi, Gwaggo, ba mu ma tuna da ke ba.”

Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Maigidan ya ce, “Ka ji ɗan yau. Tashi ka ba mu wuri.” Maganar ta yi wa Gwaggo zafi, ba za a ɓoye ba. Shekara ashirin ba wasa ba ce. Sannan fuskarta ta saki, hawaye na zuba tana dariya.

“Bar shi, Malam,” ta ce. “Ɗana, sake faɗa mini in ji.”

Mun gode, Gwaggo. Allah ya tsare abin da ya rage na ganinki, ya ba ki ladan da ba mu iya biya. Ku kuma da ke riƙe da wani ɗaki da ku kaɗai kuka san cikinsa, a ofis ne ko a gareji ko a gida, ku buɗe ƙofa tun da sauran haske, ku jawo kujerar wani kusa da taku. Su can ofis sun manta da ita ranar da aiki ya taso, kuma abin da ta ba da idonta domin ya faru ke nan. Mu ne bai kamata mu manta ba.